Kifin da Ya Haɗiye Muryar Mijina

Ranar wata Laraba da hantsi ina tsugune gindin banda ina gyaran kurungu, sai na ji muryar mijina ta fito daga cikin kwandon kifi.

"Salamu alaikum, matar gida."

Na waiga, ba kowa. Kwana biyu ke nan ana nemansa. Ya tafi wanka bakin kogi ranar Litinin, aka tarar da takalmansa da sabulu a kan dutse, shi kuwa ko alamarsa. Masunta sun ja taru har sun gaji, mata har sun fara shigowa suna yi mini kallon mai takaba.

Ni ce Kuluwa mai bandar kifi, a wata tunga ta ƙasar Yawuri. Sunan mijina ba zan faɗa ba, ban taɓa faɗa ba, amma kowa ya san shi da Baki-Goma. Sana'arsa fassara finafinan ƙetare zuwa Hausa a wani ɗan shago. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne budurwa, shi ne kakarta. Kuma wallahi ko kalma ɗaya ta yarensu ba ya ji. Bakinsu yake kallo, ya cika sauran da nasa.

Na ɗaga murfin kwandon. A kan kurungun ga wani kifi da ransa, faffaɗa kamar tafin hannu biyu, cikinsa ja wur kamar an shafa masa manja, haɓarsa a turo gaba. Haƙoransa irin na zarto ne, amma gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen dasashi ne zalla. Na gane shi nan take. Shi ne firana, kifin fim ɗin da maigidan ya fassara bara. A ciki ya ce kafin ka yi Bismillah ya cinye saniya, kafin ka yi hamdala ya yi sakace da haƙarƙarinta. Ya ƙara da cewa yana hawowa tudu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata guda yara ba su yi wanka a Kwara ba, alhali ko ɗaya babu irinsa a koginmu.

Kifin ya ce, "Ya ke 'yar Adam, sunana Giɓau, manzon Magajiyar Jan-Ciki. Mijinki yana hannunmu da ransa. Muryarsa aka ɗura mini don in iya isar da saƙo. In kina son sa, ki biyo ni ke kaɗai."

Na ce, "Laifin me ya yi muku?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai muryar mugun fim ta fito, ya tuntsire da wata irin dariya, hahaha, har kajina suka watse. Ya rufe baki da sauri. Can ya ce, "Ki gafarce ni. Muryoyin goma ne, ban san wadda za ta fito ba."

Na zuba ruwa a ƙwarya na saka shi, na nufi gidan Kawu Barmo, ƙanin mahaifiyata, Sarkin Ruwan tungarmu. Kawu ya leƙa ƙwaryar ya ja da baya yana salati. Da ya ga ba zan fasa tafiya ba, sai ya kwanto baƙin bunsurunsa ya miƙa mini igiyar.

Ya ce, "Kuluwa, ruwan da ba ka sani ba, ba a je masa hannu rabbana. Tun kaka da kakanni sai an yi masa yanka. Kina isa, a yanka wannan a jefa musu, sa'annan ki roƙi abin da ya kai ki."

Giɓau ya zabura cikin ƙwarya ya ce, "Kada..." sai muryar budurwa ta ƙwace masa, ya kwarara ihu, "Wayyo Allah, ku cece ni, zan mutu!"

Kawu ya ce, "Kin ji ko? Jin maganar jini kawai ya haukata shi. Riƙe bunsurun nan da kyau."

Na ɗora bunsuru a kwalekwale, na ajiye ƙwarya tsakanin ƙafafuna, na kama filafili. Giɓau na cewa dama, na yi dama, yana cewa hagu, na yi hagu, har muka kai wani gurbi bayan tsibiri inda ruwa ke juyawa. Jirgin ya yi katantanwa sau uku, ya kifa kai ƙasa. Na rufe ido na yi kalmar shahada. Da na buɗe, rana tana nan inda na bar ta, zanena ko jiƙewa bai yi ba, amma kogin ba namu ba ne.

Ruwan baƙi ne kamar shayin da ba madara. Itatuwa suna tsaye a cikinsa har wuya, kifaye na tsalle suna tsinkar 'ya'yansu kamar awaki. Wata dabba mai dogon baki, jajur kamar jariri, ta ɗago kai ta yi atishawa ta nutse. Bunsuru ya daina kuka, ni ma na daina tambaya.

Ba mu yi nisa ba sai na ga ruwa ya yi ja a gabanmu. Jan-ciki ne, garke guda, sun fi ɗari uku, sun nufo ni gadan-gadan. Na ɗaga filafili ina karanta duk abin da na iya, har da addu'ar shiga kasuwa. Suka iso, suka dunƙule a ƙarƙashin inuwar jirgina suka yi tsit. Sai ga kada ya biyo bayansu yana iyo a hankali, ya cafke ɗaya da ya makara, ya wuce abinsa. Daga sama zalɓe ya sure wani. Na duba ƙwarya, Giɓau ya lafe a gindinta yana karkarwa.

Na ce, "Kai, wai ba ku ne dodannin ba?"

Ya ce, "Haka muka ji."

"To me ya sa kuke yawo a garke, in ba farauta ba?"

"Me ya sa tumaki suke yi? Kowa so yake ya shige tsakiya. Na gefe shi ake ci."

"Haƙoranka fa? A jikin wa ka karya su?"

"Ba a jikin kowa ba. Haka muke famfara, gefe guda ya zube gaba ɗaya, sabo ya fito, sa'annan ɗaya gefen. Kwana huɗu ke nan ƙwari nake tsotsa."

Kaina ya ɗaure. Na ce a raina ko dai kifin nan ƙarya yake shara mini, tunda da bakin mijina yake magana.

Da azahar muka iso wani gari da aka kafa bisa dogayen turaku, gidajen can sama kamar sheƙar shamuwa. An gicciya sarƙa a kogin, ba hanya. Mutanen garin suka leƙo, ashe aljanu ne, kunnuwansu kamar faifai, idanunsu kamar ƙwayar gero. Kowa riƙe da waya manne a kunne, kuma daga kowace waya muryar mijina ce ke tashi tana cewa kafin ka yi Bismillah ya cinye saniya. Ikon Allah! Ni da na ɗauka fim ɗin nan bai wuce kasuwar Yawuri ba.

Babbansu ya zuro kunne ɗaya har kusa da fuskata ya ce, "Ya ke baƙuwa, kin iso Birnin An-Ce. Ba a wuce mu sai an ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba. Me aka ce a inda kika fito?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku da kuke zaune a kan ruwan, ai ku za a tambaya."

Ya ce, "Subhanallahi! Mu ba mu taɓa tsoma ko yatsa ba. An ce ba a yi."

"Wa ya ce?"

"An ce dai."

Ba ni da wani labari, sai na faɗa musu abin da na gani. Na ce garken jan-ciki sun ɓuya ƙarƙashin jirgina don tsoron kada, har ya ci ɗaya. Babban ya raɗa wa na kusa da shi, wannan ya raɗa wa wancan, magana ta zaga gari. Kafin in gyara ɗaurin kallabina ta dawo ta ɗaya gefen. Wani ya leƙo yana haki ya ce da ni, "Baiwar Allah, ki yi hattara! An ce yanzu a ƙarƙashin jirgi suke kwanto, ɗazu suka cinye kada ɗungurungum!"

Na ce, "Ni fa na faɗa, kuma ba haka na ce ba!"

Suka ce, "Ke wa ya gaya miki?" Suka sauke sarƙa suna ta murna, da yawansu suka biyo ni ta kan wata gada ta igiya, wai za su kallo.

Gaba kaɗan na ga abin da suke zuwa kallo. Wani reshen kogin ne aka datse da shingen turaku, ya zama tafki. Ruwansa ya ja baya ya yi kore, yana wari. A tsakiya ga ɗan tudun yashi, a kansa ga mijina zaune ya rungume gwiwa, daga shi sai gajeren wando. Tsakaninmu bai fi taku arba'in ba. Na ƙwala masa kira, "Malam!" Ya ɗago, bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Mutumin da ko cikin sallah sai ka ji kamar zai yi sharhi. Nan hawaye ya zo mini, ban san ina son surutun nan haka ba.

Wani dogon aljani yana tsaye bisa dakali a bakin shingen, da doguwar gwangwala a hannu. Ya ce, "Maraba da baƙuwa. Ni ne Mai Shinge. Kullum sai na nuna wa jama'a abin mamaki. Ranar da ba a kawo dabba ba, wancan na kan tudu zan tunkuɗa, don 'yan kallo ba sa komawa haka. Yau saura kaɗan. Na ga kin zo da bunsuru, kin san al'ada."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Giɓau ya hau dukan ƙwarya da jela yana wani irin haushi kamar ɗan kwikwiyo. Na kifa masa faifai na danne da ƙafa. Na miƙa bunsurun Kawu. Mai Shinge ya yanka, ya cilla shi cikin tafkin da jininsa da komai.

Jama'a, abin da na gani kada Allah ya nuna wa maƙiyi. Ruwan ya tafasa kamar tukunyar dambu, ja da fari suna walƙiya, bunsurun na juyawa shi kaɗai. Ba da jimawa ba ƙashi ya taso fari fat. Masu kunnuwa suka ɗauki shewa suna cewa, "An faɗa! An faɗa!" Mijina ya zube a kan yashi sumamme. Ni kuwa na zauna daɓas. To ashe gaskiyarsa ce? To waɗanda suka ɓuya ƙarƙashin jirgina fa, su wane ne? Wallahi a lokacin da an tambaye ni sunana sai na yi tunani.

Ruwa ya tsage a gabana. Wata tsohuwar jan-ciki ta ɗago, girmanta ya kai faranti, ido ɗaya, jelarta duk a yage. Ta yi wannan haushin nasu, Giɓau ya ture faifai yana fassara mini, Allah ya taimaka muryar tsohuwa ce ta fito.

Ta ce, "Ya ke Kuluwa, ni ce Magajiya. Ceton miji kika zo, ko ƙara mana baƙin suna?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, girmamawa ce. A garinmu haka ake gaida ruwa."

"Kowa haka yake cewa. Kowane baƙo sai ya zo da yankansa don tsoronmu, ya zuba jini a kan masu yunwa, ya ga abin da yunwa ke yi, ya koma gida ya ce halinmu ne. An ce sana'arki kifi. Da me kike sanin abin da kifi yake ci?"

"Da cikinsa. Baki yana ƙarya, ciki ba ya yi."

"To duba."

Aka turo mini matattun jan-ciki biyu, ɗaya daga cikin kogi, ɗaya daga cikin tafki. Na zaro wuƙar aikina na farke na kogin. Na tarar da ƙwayar 'ya'yan itace, fukafukan ƙwari, ɓawon wani kifi, guntun jela, da ɗan naman mushe. Wallahi tarwaɗar da muke ci kullum ta fi shi ƙazamin ciki. Na farke na tafkin, hanjin a manne yake kamar tsohon zare, ba komai.

Magajiya ta ce, "Dubbai ne mu a nan, akuya ɗaya ba ta kai bakin rabinmu ba. Da can Mai Shinge kwana bakwai yake tsare mu ya yi wasansa ya buɗe. Tun da muryar mijinki ta iso Birnin An-Ce, 'yan kallo ba su yanke ba, shi kuma bai sake buɗewa ba. Wata tara ke nan. Jelata da kike gani, 'ya'yana ne suka ci. Shi ya sa 'yan'uwanmu na waje suka ɗauko mijinki. Mun ce masa ya tako ruwan nan a hankali ya tafi gida, ya faɗi abin da ya gani. Kwana biyu ya ƙi. Ba mu ɗaure shi ba, bakinsa ne ya ɗaure shi."

Na ce, "To ni zan shiga in ɗauko shi."

"Da ba ki yi yanka ba, da na ce bismillah. Yanzu jini ya gauraya da ruwan, ni kaina ba zan lamunce miki 'ya'yana ba."

Kaico! Na tuna Kawu da bunsurunsa, na rasa wa zan zaga. Na dubi shingen. Turaku ne da asabari, irin wanda muke datse fadama da shi, kuma duk 'yar masunta ta san turke uku ne ke riƙe da ƙofar. Suna can cikin ruwa ta gefen kogi. Na ɗaure zane tamau na zura ƙafa.

Mai Shinge ya daka tsawa, "Ya ke 'yar Adam, in kika taɓa shingena sai na mai da ke toka!"

Na ce, "To sauko."

Ya dubi ruwan, ya dubi ƙafarsa, ya ƙara hawa sama. Ashe shi ma bai taɓa tsoma yatsa ba. Ya kawo mini duka da gwangwala, ba ta kai ba. Na girgiza turke na fari na zare, na biyu ya zo da sauƙi, na uku sai da na sa haƙori a igiyarsa. Asabarin ya kwanta, baƙin ruwa ya kwararo ciki, jan-ciki suka yi ta fita ta tsakanin ƙafafuna suna gogar ƙwaurina, sanyi kamar cokali. Ko ɗaya bai kula ni ba. Masu kunnuwa suka watse suna ihu wai an ce na mutu.

Magajiya ta tsaya a bakin ƙofar ta ce, "Kin yi mana alheri, amma saura. Mazanmu ba za su fita ba, suna cikin ciyawar can suna gadin ƙwai, don a wurinmu uba ne ke tsaron gida. Ki bi ta fili. Kada ki fantsama ruwa, kada ki yi ihu, motsi da hayaniya ne ke kiranmu. In kin ji haushi, gargaɗi ne, ki kauce. Muryar mijinki kuwa tana wurin Giɓau, har sai mutum ɗaya a ƙasarku ya ji gaskiyarmu ya yarda."

Na taka a hankali kamar mai ɗauke da tulu, ruwa har ƙirji, na isa tudun lafiya lau. Na yayyafa wa maigida ruwa ya farfaɗo. Na ce, "Malam, tashi mu tafi, ka ga ni ko ƙwarzane." Ya dubi ƙashin bunsuru yana girgiza kai, ya ƙanƙame yashi. Na lallaɓa, na yi faɗa, na haɗa shi da iyayensa, a banza. Ƙarshe na kwance mayafina na goya shi, ƙato da shi, na ce ya rufe ido.

Nauyinsa ne ya cuce ni. Ruwan da ke shigowa ya yi ta tura ni gefe, shi kuma ya shaƙe mini wuya ba na ganin gabana sosai. Sai na ji ciyawa a ƙafata. Na ji haushi sau ɗaya. Na yi ƙoƙarin juyawa, laka ta riƙe ni. Na ji na biyu, na ji na uku. Daga nan sai wani abu ya yi ƙyas a ƙafata ta hagu, kamar an datse zare da almakashi.

Zafin ya hau har ƙwaƙwalwata. Ihu ya taso ya cika mini baki, na tuna wanda ke bayana, in ya ji zai yi ta shure-shure ya tara mana sauran. Na cije leɓe na haɗiye. Na zare ƙafa na ci gaba, taku ɗaya, taku biyu. Kifin bai biyo ni ba, na gan shi ya koma kan ƙwansa yana yi musu fifita da jela. Da muka hau jirgi na yagi bakin zane na ɗaure ƙafar tun maigida bai buɗe ido ba. Ƙaramin yatsana ya tafi.

Giɓau ya raka mu har gurbin, muka ɓullo a Kwara ana kiran la'asar. Tunga ta ɗauki guɗa. Amma mijina ya dawo bebe.

Na sayi safa na saka. Duk wanda ya ga ina ɗingishi sai in ce ƙaya ce, shi ma maigidan haka na gaya masa. Lissafina shi ne, in aka ga yatsan nan, wa zai yarda kifin ba dodo ba ne? Na shiga ba da labari. Na faɗa wa Kawu, ya ce bunsurunsa ne ya cece ni. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a kasuwa mako uku a jere. Ina cewa matsorata ne, 'ya'yan itace suke ci, na ratsa su ba abin da ya same ni. Sai a dubi safata, a ce, "Allah Sarki, Kuluwa, sannu." Mace da safa cikin zafin Yawuri, ƙafa ɗaya kuma, ni ma da wata ce ba zan yarda da ita ba.

Shi kuwa yana ta ramewa. An sa wani a kujerarsa a shago. Ya zama sai ya zauna gindin bandata yana miƙo mini itace, in yara sun wuce suna kwaikwayon muryoyinsa ya sunkuyar da kai. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ranar kasuwa ta huɗu na kafa tirena kusa da Iya Tabawa mai sayar da ƙwan zabi da kaji, maigida na zaune a bayana. Na fara labarina kamar kullum, mutane suka taru don nishaɗi. Ina cikin cewa ba abin da ya same ni, Iya Tabawa ta katse ni.

Ta ce, "Ke 'yar nan, na gaji da jin rabin zance. Dabbar da ba ta cizo ba a yi mata haƙori. Me ke cikin safar nan?"

Na dubi jama'a, na dubi ƙafata. Na ce a raina yau in na cire, shi ke nan, na kashe muryarsa da hannuna. Amma ɓoyon ma me ya haifar? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tuɓe safar na ɗora ƙafar a kan kwando.

Kasuwa ta ɗauki salati. "Kun gani! Ya ci ta! Dama an faɗa!"

Na ce, "E, ya cije ni, kuma da zafi, har gobe ina jin haushinsa. Amma sau uku yana yi mini gargaɗi. Ina goye da mutum, na kasa kaucewa, na taka masa gida yana kan ƙwansa. Sau ɗaya ya cija ya koma."

Ba wanda ya saurara, kowa na faɗa wa na kusa da shi wai ƙafar gaba ɗaya ce. Iya Tabawa kaɗai ta matso ta duba wurin da kyau. Ta ce, "A kan ƙwai yake?"

Na ce, "A kan ƙwai, Iya."

Ta janye hannun rigarta ta nuna mini wani tsohon tabo. Ta ce, "Kazata ce, tana kwanci na kai hannu. Yo wannan ai ba mugu ba ne, uba ne. Na yarda da ke."

Sai na ji an yi tari a bayana. Na juya. Maigida ya durƙusa a ƙasa cikin ɓawon kifi, ya riƙe ƙafata da hannu biyu yana kallon gurbin yatsan, hawaye na bin gemunsa. Na jira in ji jarumi, ko mugu, ko tsohuwa. Wata 'yar siririyar murya ce ta fito, a dushe, wadda rabona da ita tun yana zuwa zance ƙofar gidanmu.

Ya ce, "Kuluwa, ina bayanki aka yi miki wannan?"

Na ce, "Kana bayana, Malam."

"Kuma ba ki yi ihu ba?"

Na ce, "Da wane bakin? Goman duk kai ka riƙe."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya rufe. Muryarsa ta dawo sarai, amma har muka isa gida yana ɗauke da tirena a ka, mijina bai ƙara cewa uffan ba.